Yadda za ku kalli zangon ƙarshe na wasan barkwancin iyali ba tare da kun ɓata wa kanku shi ba

Mutane da yawa da sun ji ance wasan da suke so ya zo zangon ƙarshe sai su loda shi duka a waya, su shige bargo su cinye shi a dare ɗaya, gari ya waye ido ya yi ja kuma in ka tambaye su me ya faru sai kame-kame. Ni dai a ganina asara ce wannan. Wasan da aka yi shekara tara ko goma ana yinsa, ba a rubuta ƙarshensa don mai sauri ba, don wanda ya saba da mutanen gidan aka rubuta. Zan yi misali da The Middle, wasan Amurka da tashar ABC ta nuna daga 2009 zuwa Mayun 2018, zango 9, kashi 215, amma tsarin zai yi muku aiki ko Gidan Badamasi kuke bi ko wani daban.

Da farko dai ku bincika, masu wasan sun san za su gama ne ko kuwa tasha ce ta yanke musu kawai? Bambancin babba ne. Su The Middle tun watan Agustan 2017 aka sanar cewa zango na 9 shi ne na ƙarshe, kafin ma a fara nuna shi, don haka marubutan sun samu kashi 24 cur suna ɗaure duk wani zare da suka saki a baya. Modern Family, wani wasan iyali na Amurka, ma haka, a farkon 2019 aka ce zango na 11 za a tsaya, aka gama a Afrilun 2020 da kashi 250. Irin waɗannan su ne suka cancanci a tara iyali a zauna musu. Wanda kuwa aka yanke shi ba shiri, toh kada ku sa rai da yawa, yakan tsaya ne kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar magana. Ku duba yawan kashin kuma, don sau da yawa zangon ƙarshe yakan fi gajarta, Modern Family 18 ne, Young Sheldon 14 kacal, gara ku sani tun farko da ku zo kuna neman kashin da babu shi.

Sai maganar waiwaye, kuma nan ne aikin yake. In akwai wanda bai taɓa kallo ba a gidan, ko Mama ta ce ta manta su waye su waye, kada ku ce sai an faro daga kashi na 1. Kowane kashi wajen minti 22 ne, in ka lissafa 215 ka doshi awa 79, wa ke da wannan lokacin, ga makaranta ga kasuwa ga Islamiyya. Abin da za ku yi shi ne ku tsinto kashin farko na zango na 1, sannan ɗaya ko biyu daga kowane zango, musamman na buɗewa da na rufewa saboda a nan ake sauya abubuwa, wani ya shiga jami'a, wani ya sauya aiki. Abin da kuke nema ba labari ba ne sosai, hali ne. A The Middle dole mutum ya san Frankie uwar gida mai faɗa da mantuwa, wadda ta fara da sayar da motoci daga baya ta koma aiki wurin likitan haƙori, da mijinta Mike mai ƙarancin magana da ke kula da wurin fasa dutse (mu mutanen Jos ai ba sai an yi mana bayanin wannan sana'a ba). Ga Axl babban ɗa malalaci mai yawo a falo da gajeren wando, ga Sue da duk abin da ta nema a makaranta ba ta samu amma gobe za ta sake gwadawa da murmushinta, ga auta Brick mai karatun littafi wanda yakan sunkuyar da kai ya maimaita kalma cikin raɗa. In ba ka san waɗannan ba, rabin dariyar zangon ƙarshe za ta wuce ka, kowa na ƙyalƙyalewa kai kana raba ido. Ku lura da ƙananan abubuwa ma irin shuɗiyar jakar kayan ƙwalama da kullum suke mantawa in za su yi tafiya, da maƙwabtansu gidan Donahue, marubuta ba sa barin irin waɗannan su tafi a banza.

Kuma a waiwayen ne za ku ga yaran sun girma a gabanku. Atticus Shaffer da ya fito a Brick yana ɗan shekara 11 aka fara, aka gama yana dab da 20. Iyaye su ne wannan ya fi taɓawa, don kusan duk wasan iyali ƙarshensa ɗaya ne, yara sun girma za su bar gida.

Yanzu tsarin kallon kansa. Kashi biyu a zama ɗaya ya isa, uku in ranar Asabar ce, bayan isha'i an ci tuwo an kawar da kwanuka. Da haka kashi 24 zai kai ku sati biyu zuwa uku, kuma tsakanin zama da zama ne ake samun daɗin, ana gardama a kicin wa zai auri wa. Lokacin sanyin Disamba da Janairu ya fi dacewa, dama a Jos ba mai son fita da dare lokacin, a dafa shayi mai citta a soya dankali kowa ya ja bargonsa. A sa doka ɗaya mai ƙarfi: ba wanda zai wuce gaba a ɓoye. Kowane gida akwai wannan ƙanin da zai kalla a waya da rana sannan da dare ya zauna yana cewa "ku dai ku gani", a karɓe masa rimot.

Wuta da data kuwa, ku yi daunlodin tun da rana daga inda kuke biyan kuɗin kallo, kada ku dogara da netwok ɗin dare. HD na iya cin har 3GB a awa ɗaya, matsakaici kuwa bai kai 1GB ba, kuma wasan da yawancinsa a falo da kicin ake yi ba ya buƙatar wani HD. Zangon gaba ɗaya bai cika awa 9 ba. Ku yi cajin laftof da fawa bank, in akwai sola ko inbata shi kenan. Ku kunna rubutun maganar da ke fitowa a ƙasan allo ko da kuna jin Turanci, don suna magana da sauri kuma suna katse juna, sannan a naɗa mutum ɗaya mai yi wa Hajiya fassara a taƙaice, ba kowa ya dinga jefa baki ba.

Babba a gidan ya riƙa leƙa kashin kafin a kunna wa yara. Al'adarsu daban da tamu, akwai samartaka da sumbata da shan giya nan da can, ko a wasan da su suke ɗauka mai tsafta ne. In ka riga ka gani ka san inda za ka tura gaba ba tare da an yi ta rarraba ido a falo ba.

Masu ɓata labari kuma suna nan birjik. Kada ku rubuta sunan wasan a YouTube ko TikTok har sai kun gama, bidiyon farko da zai fito muku na ƙarshen ne, da taken da ya faɗi komai. Wikipedia ma haka, jerin kashin akwai taƙaitaccen labari a ƙarƙashin kowane.

Kashi biyun ƙarshe na The Middle a haɗe aka nuna su a dare ɗaya, 22 ga Mayun 2018, don haka ku ma kada ku raba su. Ku ajiye su sai daren da kowa yana gida, har wanda ke aiki a Abuja in zai shigo ƙarshen mako a jira shi, a saka wayoyi a sailen, a tabbatar akwai mai a janareto ko da an kawo wuta.