Kurakuran da iyaye suka fi yi a karatun ɗan firamare da yadda za a gyara su

Ɗan aji uku zai rera maka A B C daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, ya zubo jadawalin sau biyu, ya gaishe da baƙo da Turanci, amma ka rubuta masa "Baba ya tafi kasuwa" a bayan kwali sai ya tsaya yana kallonka. Irin wannan yaro yana nan a Kaduna, a makarantun gwamnati na LEA na Rigasa da Tudun Wada, yana nan kuma a makarantun kuɗi na Unguwar Rimi da Malali, sai dai can kyan yunifom ya fi rufa asiri. Yawancin kurakuranmu daga nan suke tasowa: da mun ji bakin yaro yana zuba, sai mu ɗauka karatu ya zauna.

Tsarin UBE da aka ƙaddamar a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya tanadi shekara tara na ilimin tushe: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Babban aikin aji ɗaya zuwa uku shi ne karatu da rubutu da ƙirga. Daga aji huɗu sai a ɗauka yaro ya iya, a fara miƙa masa littafin kimiyya da na addini da na zamantakewa a ce ya karanta ya gane. Wanda ya shiga aji huɗu bai iya karatu ba, kowane darasi zai kayar da shi, har lissafi, tunda tambayoyin lissafin ma a rubuce suke zuwa.

Ɗaukar hadda a matsayin karatu

Wannan shi ne uban kurakuran. A aji mai cunkoso malama takan karanta layi yara su amsa gaba ɗaya, a maimaita har shafin ya zauna a ka. Yaro ya dawo gida ya buɗe shafin ya "karanta" tsaf, yatsansa yana wani layi bakinsa yana wani. Gane gaskiyar abin ba wuya. A rufe hoton da ke shafin da tafin hannu, a nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyar layi. Ko a miƙa masa abin da bai taɓa gani a makaranta ba, kamar allon wani shago ko jimlar da aka rubuta yanzu a gabansa. Idan ya tsaya yana haɗa sautuka a hankali, alhamdu lillahi, yana kan hanya ko da yana jan ƙafa. Idan ya kalli silin yana cinke, da sauran aiki.

Ba wai hadda abin yarwa ba ce. Amma malamin allo ma ba ya cewa yaro ya iya karatu don ya riƙe ƙananan surori da ka. Sai ya bi da shi ta babbaƙu, ya bi ta farfaru, sannan ya yarda. Boko ma haka take so. A koma kan baƙi da wasali: ba, be, bi, bo, bu, sai ka, ke, ki, ko, ku. A haɗa gaɓa biyu a fitar da kalmar da yaro ya sani a rayuwarsa: ka-za, tu-lu, ra-go, mo-ta. In waɗannan sun zauna a shigo da masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sannan masu goyo irin su sh da ts da gw. Minti goma sha biyar kullum bayan la'asar ko bayan magariba ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Kuma kada a ji kunyar mayar da ɗan aji biyar kan ba-be-bi. A yi shi a ɗaki dai, ba gaban ƙannensa ba.

Korar Hausa daga gida

Akwai gidaje a Kaduna da aka kafa doka ba a yi wa yara Hausa, wai don Turanci ya kama bakinsu. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne ba ya biyan buƙata. Sau da yawa Turancin da ake yi wa yaron bai wuce zo, tafi, zauna, ci abinci ba. An toshe masa harshen da zai ji labari mai tsawo da gardama da barkwanci, an bar shi da 'yan kalmomin umarni. Sai ya taso ba ya iya bayani mai zurfi da ko ɗaya, kuma in ya je gaishe da kakarsa a Zariya sai an nemi tafinta.

Rubutun Hausa yana tafiya kusa da yadda ake furta shi, wasula biyar ne, kuma harafi ba ya yawan sauya sauti. Shi ya sa yaro ke saurin gano sirrin karatu da ita, wato kowane harafi sauti yake wakilta. Da ya gano wannan, da shi zai shiga Turanci, inda rubutu da furuci suke yawan saɓawa. Saboda haka a yi masa tatsuniya. In an gama ta Gizo da Ƙoƙi a ce ya maimaita da bakinsa, a tambaye shi me ya sa Gizo ya yi haka, da shi ne me zai yi. Fahimtar labari da ake ba su maki a kanta a makaranta ita ce wannan. In kuma ya karanta shafin Turanci, a ce ya faɗi abin da shafin ya ce da Hausa. Wanda ya gane zai faɗa. Wanda ya haddace zai sake rero Turancin.

Yi wa yaro aikin gida

Dare ya yi, yaro yana kuka, ga aikin gida ba a yi ba, sai uwa ta ce wa babbar yarinya, "Ke Yaya, taimaka ki yi masa mu huta." Gobe malama ta ga komai daidai ta ba shi goma bisa goma, ta wuce gaba da tunanin ya gane. Aikin gida saƙo ne daga gida zuwa ga malama, kuma kuskuren da ke ciki shi ne amfaninsa. A zauna kusa da yaro, a sa ya karanta tambayar da ƙarfi, a yi masa misali da wata tambayar mai kama da ita, sannan a bar shi ya yi tasa. In ta gagara a mayar da ita haka, a aika wa malama cewa ya gwada bai iya ba.

Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ce ba ruwanta. Za ta iya buɗe littafi ta ga ko an yi rubutu yau, ko akwai jan biron malami, ko kuwa shafukan mako guda fari fat suke. Za ta iya cewa, "Zo ka koya mini abin da aka koya muku." Yaron da ya koyar da uwarsa ya yi bita bai sani ba.

Lissafin da ba a taɓa shi da hannu ba

Ba wa ɗan aji biyu ko uku wannan: 52 a cire 27. Da yawa za su rubuta 35. Ba sakarci ba ne, dabara ce suka ƙirƙira: a kowane layi sai su cire ƙaramar lamba daga babba, 2 daga 7, sannan 2 daga 5. Abin da ya ɓace musu shi ne 5 ɗin nan hamsin ce, wato goma sau biyar, ba biyar ba. Faɗa da maimaita "ka ara ɗaya" ba sa gyara wannan. Tsinken tsintsiya yake gyara shi. A ɗaure goma-goma da kyauro, a ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu, a ce ya cire bakwai. Zai ga biyu ba za su isa ba, dole ya kwance ɗauri ɗaya, tsinke su zama goma sha biyu, ɗauri ya koma huɗu. Ya cire bakwai saura biyar, ya cire ɗauri biyu saura biyu: 25. Aron da ake ta faɗa masa yau ya gan shi da ido.

Haka jadawalin sau. Kiret ɗin ƙwai layi biyar ne mai ƙwai shida-shida, ga 5 sau 6 nan a gabansa, 30. In za a aike shi shago da naira 500 ya sayo abin 350, a tambaye shi canjin tun kafin ya fita ƙofa. Rabi da kwata kuma, lemo ɗaya da wuƙa sun wadatar.

"Na nawa ka zo?"

Tambayar da muke tarbar yara da ita ke nan ranar karɓar sakamako. Na ɗaya a ajin da yawanci ba su iya karatu ba bai gaya maka komai ba, kuma makarantar kuɗi ta san uban da ya ga maki mai kyau ba ya cire ɗansa. A duba makin Turanci da na lissafi daban, a nemi takardar jarrabawar a ga inda ya faɗi. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne tsallake aji shida, a ɗauke yaro daga aji biyar, wani ma huɗu, a kai shi sakandare don a ce yana da ƙwaƙwalwa ko don a rage kuɗin shekara guda. A ajin ƙarshen nan ne ake ƙulle kaso cikin ɗari da gutsuren lamba da rubutun insha'i, kuma jarrabawar shiga makarantun tarayya da NECO ke shiryawa a kan ɗan aji shida aka gina ta. A ganina shekarar da aka yi ribarta a nan, a sakandare ake biyanta da kuɗin lesin.

Jikin yaron

Boko da safe, Islamiyya da yamma, mai lesin kafin magariba, tilawa bayan isha'i, sannan waya har sha ɗaya. Likitocin barci suna cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 na barci. In wani abu zai fita daga wannan jeri, waya ce ta farko, lesin na biyu. Kada ya fita da ciki wayam, ko koko da ƙosai ne. Kafin kuma a kira yaro daƙiƙi ko a ɗauko masa bulala, a lura: yana matse ido in yana kallon allo? Yana kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi? Sai an kira shi sau biyu yake waiwayowa? Kaduna tana da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ta Kunne ta Ƙasa, mutane daga wasu jihohi suke yin tattaki su zo. Duka kuwa abin da yake koya wa yaro shi ne ɓoye littafi da daina tambaya.

Sakar wa makaranta komai

A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin aji huɗu, sama da 21,000 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta jayayya a kan gwajin, amma abin da ya bari a zukatan iyaye da yawa shi ne raina malami, wasu kuma suka ga da sun biya kuɗin makaranta sun sauke nauyi. Duka biyun yaro suke cutarwa. Malamar da ke gaban yara masu yawa ba za ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya ba, amma ta san ɗanka a aji fiye da yadda ka san shi. Kada a jira sai an yi laifi ko taron iyaye. A je sau ɗaya a tsakiyar zango, a gaisa, kuma kada a tambayi "Yaya ƙoƙarinsa?", don amsar kullum ita ce "Yana ƙoƙari." A ce, "Malama, don Allah a ina ya fi tuntuɓe, karatu ko lissafi? Wane shafi za mu bi da shi a gida wannan makon?" In ta nuna shafin, a sa alama, a dawo bayan mako biyu a gaya mata inda aka kai.