Ƙarar taya a babbar mota: kurakuran da ke sa muna biyan kuɗin alaimen a banza

Akwai wata DAF da na taɓa kula da ita, mai jigilar hatsi daga Dawanau zuwa kudu, wadda ta kusa sa ni hauka da kuka. Da ta haura gudun 60 sai ka ji wuuu wuuu daga gaba kamar jirgi zai tashi, direban ma ya daina kunna rediyo don ba ya jin komai. Sau biyu ana kai ta alaimen, wato saitin ƙafafun mota, cikin wata ɗaya, ana biya, ana dawowa, kukan na nan. Sai da wani tsohon bakanike ya ce a daka mata jak, ya kama tayar hagu sama da ƙasa ya girgiza, muka ji ƙwal ƙwal, ya ce wa yaron motar hau ka taka birki, aka taka ya sake girgizawa, motsin bai tafi ba. Ya kalle ni ya ce Alhaji kinfin ɗinka ne ya mutu, wato ƙusar da ƙafar gaba ke juyawa a kanta in an karkata sitiyari, ko sau goma za a yi maka alaimen a kan wannan ƙafar, kafin ka fita daga gari ya warware. Tayoyin gaba biyu sababbi fil muka yi asara kafin mu gane.

To wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma shi ne uban sauran. Mota ta fara ƙara ko ta fara cin taya gefe ɗaya, abin da kowa zai ce a kai ta alaimen. Alhali alaimen shi ne aikin ƙarshe. Saita ƙafa ake yi a kan awo na milimita, to idan tayarod, wato sandar da ke haɗa ƙafafun gaba biyu, yana wasa, ko kinfin ya ci, ko bushin ɗin sifirin ya ragargaje, ko boris ya saki, me aka saita? Ƙafar da ke rawa ba ta riƙe awo. Kuma gaskiya da yawan masu na'urar nan ba za su gaya maka ba, su dai a hau da mota a ɗaure tayarod a karɓi kuɗi. Kai ne za ka dage a fara ɗaga gaban motar. A kama taya ta sama da ƙasa a girgiza, in akwai motsi a taka birki, idan motsin ya ɓace boris ne, idan yana nan kinfin ne. Sannan a sa wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali kai kana ƙarƙashi kana kallon kawunan tayarod da sandar da ta taho daga akwatin sitiyari, duk wanda ya yi tsalle kafin ƙafa ta motsa ya gama aiki. Sai an canza waɗannan tukuna a zo maganar awo.

Sai rashin sanin daga ina ƙarar take fitowa. Mutane suna ɗora wa taya laifin da ba nata ba, wani lokacin kuma su bar taya su je suna kwance difiransha, wato giyar da ke tsakiyar aksil ɗin baya mai raba wa ƙafafu ƙarfin inji. Kunnenka ya isa ya raba maka gardama in ka natsu. Kukan taya yana canzawa da irin titi, ka fito daga kwalta mai kaushi ka hau sabuwa mai santsi sai ka ji muryar ta sauya. Kukan boris babu ruwansa da titi, shi dai yana ƙaruwa da gudu, kuma in ka ɗan karkata sitiyari nauyi ya koma gefe ɗaya sai ya ƙaru ko ya ragu. Na difiransha kuwa da totur yake tafiya, ka taka ya yi kuka ka ɗaga ƙafa ya yi shiru ko ya canza murya. In kun tsaya shan shayi a Tafa ko Mararrabar Jos ka zagaya ka kai bayan hannunka kusa da kan kowace ƙafa, a hankali fa don yana iya ƙona ka, wadda ta fi 'yan uwanta zafi sosai akwai magana, ko boris ko birki na kamawa. Boris ɗin babbar mota ba abin a ce bari mu kai Legas mu dawo ba ne, yana iya narkewa ƙafa ta fice da lodi a kai.

Ita kuwa taya da kanta take faɗin abin da ke damunta, mu ne ba ma shafa ta. Ka sa tafin hannunka ka shafa zanen tayar gaba daga waje zuwa ciki, ka dawo daga ciki zuwa waje. Idan ta gefe ɗaya sumul ta ɗaya gefen kuma kamar haƙoran zarto suna kama maka hannu, to bakin ƙafafun ne ba daidai ba, abin da ake ce wa to-in da to-awut, wato gaban tayoyin ya matse ciki da yawa ko ya buɗe waje. Wannan shi ne ainihin abin da alaimen ke gyarawa, kuma shi ya fi saurin kashe taya. A babbar mota ɗan matsewar da ake so kaɗan ce ƙwarai, wajen milimita 1 zuwa 2, gwargwadon abin da kamfanin motar ya rubuta. Ka yi lissafi da kanka ma, taya 315/80R22.5 tsayinta ya ɗan haura mita ɗaya, idan awon ya kauce da milimita 3 kacal, a duk kilomita ɗaya ana jan tayoyin nan a kaikaice kusan mita 3, Kano zuwa Legas kuwa wajen kilomita dubu ne, ka ga tafiya ɗaya ka goge su a kwalta kusan kilomita 3 kamar ana gurza rogo. Idan kafaɗun waje na tayoyin biyu ne suka cinye, matsewar ta yi yawa. Idan na ciki ne duka biyun, buɗewa ta yi.

Amma ga inda ake shan kunu. Ka duba ka ga tayar dama ta ci ta waje, ta hagu kuma ta ci ta ciki. Nan duk wanda ya taɓa tayarod ɓata lokaci yake, matsalar tana baya. Aksil ɗin baya ne ya karkace yana tura motar gefe, direba kuma yana riƙe da sitiyari a karkace duk tsawon hanya don ya miƙar da ita, shi bai ma sani ba ya saba, tayoyin gaba su ke biyan bashin. Ka taɓa bin bayan tirela ka ga tana tafiya a gicciye kamar kare yana sassarfa, gindi a wani layi kai a wani layi? Shi ne wannan. Yawanci santa bol, ƙusar tsakiyar sifirin, ne ya karye, ko yu-bol masu ɗaure sifirin da aksil suka saki aksil ya zame, ko robobin sandunan da ke riƙe da aksil suka mutu, kuma obalodi da ramukan hanya su ke jawo shi. Mu kuma a nan in an ce alaimen gaba kawai ake nufi. Ka ce a auna baya tukuna, ko da igiya da tef ne, a tabbatar nisan aksil daga gaba iri ɗaya ne hagu da dama, in mai aksil biyu ce a baya a tabbatar sun yi daidai da juna. Har bodin tirelar ma yana da nasa awon daga ƙusar da ke shiga farantin kan mota zuwa aksil ɗinsa, kuma ban cika ganin wanda ya damu da shi ba.

Akwai kuma cin da ke zuwa rami rami zagayen taya, kamar an bi ta da cokali ana kwasa. Irin wannan ita ke yin wuwuwu ɗin nan mai hawa da sauka. Wannan kam ba ruwan alaimen, tayar ce ke tsalle a kan titi maimakon ta kwanta, saboda shokazoba ta mutu ko ba a yi balansin ba ko boris ya yi sako-sako ko rim ya lanƙwashe. Mu kuwa a babbar mota mun ɗauki shokazoba kayan ado, ta zubar da mai shekara guda ba wanda ya kula, wani ma cire ta yake ya jefar wai sifirin ya isa. In sitiyari na karkarwa a wani gudu na musamman, ka wuce shi ko ka rage ya daina, je ka yi balansin, kuma kafin nan ka leƙa cikin rim ko busasshen laka ya maƙale, musamman masu tifa da ke shiga kwari ɗibar yashi. In kuma dum dum dum kake ji daidai da juyawar ƙafa, nemi inda birki ya taɓa kamewa ya goge waje ɗaya, ko inda tayar ta kumbura wayar ciki ta rabu. Mai kumburi kada ta ƙara kwana a gaba.

Wani abin da ya kamata a sani, tayar da ta riga ta ci a karkace ba ta warkewa. Ko an yi alaimen mai kyau yau kukan ba zai ɗauke gobe ba, sai mutum ya koma yana zagin mai gyara. Ka mayar da ita baya ko kan bodi ta ƙarasa rayuwarta can, ka sa masu lafiya a gaba. Haka kuma kuskure ne ka sayi sababbi ka ɗaura ka ce sai an dawo daga wannan lodin za a duba ƙafar, tafiya ɗaya ta isa ta zana musu cin da ba zai goge ba.

Maganar iska kuwa sai dai haƙuri. Har yau yaran mota da ƙarfe ko guduma suke bugun taya su ce ta yi. Bugun nan yana nuna maka wadda ta sace gaba ɗaya ne kawai, tsakanin iska 90 da 120 a geji kuwa duk ƙara ɗaya za ka ji. Geji nawa yake? A sayi na kai a ajiye a mota, don na masu faci da yawa sun sha faɗuwa ƙasa ƙarya suke yi. Iyakar nauyin da tayar za ta iya ɗauka da iskar da wannan nauyin ke buƙata suna rubuce a jikinta, kuma da safe ake aunawa kafin a tashi, tayar na sanyi. Iska ta yi kaɗan, kafaɗu biyu su cinye tayar ta yi zafi ta fashe. Ta yi yawa, tsakiya ya cinye. Sai babbar ɓarnar da ake yi lokacin zafin Maris da Afrilu, direba ya tsaya da rana tsaka ya ga geji ya hau sai ya rage iska wai kada ta fashe. Don Allah a daina. Hawan nan dama an san da shi, kamfani ya yi lissafinsa, in ka rage sai ta ƙara lanƙwasa ta ƙara zafi, da dare kuma in ta huce ka tashi da taya mara iska ƙarƙashin tan talatin. In zafi ya dame ka ka faka a inuwa ta huce.

A baya inda taya ke biyu biyu nan ma ana zalunci. A haɗa sabuwa da sudaddiya a ƙafa ɗaya, doguwar ta ɗauki nauyin duka ita kaɗai, gajeruwar tana jan ƙasa tana gogewa tana kuka. Bambancin tsayinsu bai kamata ya wuce wajen milimita 6 ba, iskarsu kuma ɗaya. Ta cikin ita ce marainiya, ba wanda ke sunkuyawa ya auna ta saboda bakin bawul ɗin yana da wuyar kaiwa. A riƙa cire dutsen da ya maƙale tsakaninsu. Sannan zane ma kowanne da wurinsa, mai layi layi a miƙe ta gaba ce, mai manyan haƙora ta ƙafar da ke ja ce, in ka sa mai haƙora a gaba don ita ka samu da araha to kuka kam ka saya da kuɗinka, babu bakaniken da zai cire maka shi.

In mota na ja gefe ɗaya kada ka yi saurin yanke hukunci. Titunanmu an ɗan karkata su ne don ruwa ya gangara, mu kuma dama muke bi tun 1972, saboda haka ɗan zamewa dama a hankali ba komai ba ne. In jan ya yi ƙarfi a fara auna iska, sannan a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. Idan jan ya juya ɗaya gefen to taya ce, ka huta. Idan bai canza ba sai a duba birki mai kamawa, sifirin da ya kwanta gefe ɗaya, da kasta, wato jinginar kinfin gaba ko baya, wanda ake gyarawa da ɗan ƙarfe mai tsini da ake sawa tsakanin sifirin da aksil. Shi kuwa kamba, wato jinginar taya ciki ko waje, a irin aksil ɗin gaban DAF da MAN da Howo da Mack ba shi da wani noti da ake juyawa, in ya kauce to kinfin ne ko aksil ɗin ya lanƙwashe. Nan ne za ka ji wani ya ce a kawo gas a gasa shi a miƙar. Kada ka yarda, wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, wata rana a rami zai karye ba sallama. Gara ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka nemi wani aksil ɗin mai lafiya.

Tayar Beljiyom kuwa na san halin da ake ciki, ba kowa ke iya sabuwa ba. Amma ka duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2322 na nufin mako na 23 a 2022, 'yan Road Safety ma shi suke dubawa. Tsohuwar roba ta bushe ta yi tauri, tana kuka ko zanenta na nan, kuma da yawansu da cin motar da suka baro suke zuwa, ka shafa ta da hannu tun a shago. In dole ne ka sa ta a baya, gaba dai a daure a sa sabuwa. Bayan an ɗaura kuma, notin ƙafa a bi su a gicciye, a daina hawa kan bututu mutum biyu suna tsalle har sai ƙusa ta miƙe, kuma in an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake bin su ɗaya bayan ɗaya, don sukan saki bayan rim ya zauna.