Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar sunan shafin kasuwanci a intanet

Duk wanda ya zo mini da sunan da yake son yi wa shafin kasuwancinsa rajista, abu ɗaya nake fara sa shi: ya kira wani a waya, ya faɗa masa sunan sau ɗaya tak, ya ce ya rubuta ya turo. Sau da yawa abin da aka faɗa daban, abin da aka turo daban. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mutum yana zaɓar suna da ido, yana kallonsa a takarda yana masa kyau, ya manta cewa masu nemansa da kunne za su fara haɗuwa da shi. Jeff Bezos kansa ya taɓa faɗawa wannan ramin. A 1994 Cadabra ya raɗa wa kamfaninsa, sai wani lauya ya ji kamar an ce "cadaver", wato gawa da Turanci. Ba a daɗe ba ya sauya, ya koma Amazon.

Abubuwan da ke ɓata suna a kunne sanannu ne. Akwai lamba: in ka ce "biyu", mai sauraro bai san ko 2 zai danna ko kalmar zai rubuta ba. Akwai karan ɗori (-), wanda kowa ke mantawa da shi, sai ya faɗa shafin wani. Akwai harafin da ya ƙare kalma ya kuma fara ta gaba, da rubutun gwaninta da ake cire wasali don burgewa. Haruffan da ba sa cikin a zuwa z, irin su ƙ ko é, tsarin intanet yana mayar da su wani dogon rubutu mai farawa da xn--, ga shi ba kowace waya ke da su a kusa ba. Ƙa'ida ta yarda suna ya kai haruffa 63, amma wanda ya wuce kalma biyu ko uku ya fara gajiyar da yatsa. Ka kuma tuna babu tazara tsakanin kalmomi a adireshi. Ka haɗe su wuri guda, ka ba mutum biyu su karanta da ƙarfi, don wani lokaci wata kalmar da ba ka nufa ba takan fito a mahaɗa.

Suna linzami ne, shi ya sa nake jin takaici in na ga mutum ya ɗaure kansa da hannunsa. Yau takalma kake sayarwa, ka sa "takalma" a sunan, baɗi ka ƙara jakunkuna da agogo, sunan ya zama ƙarya. Amazon da littattafai ya fara, amma babu littafi a sunansa. Wasu kuma cusa kalmomin bincike suke yi, suna "mafi-araha-mafi-kyau", da zaton Google zai ɗaga su sama. Tun Satumban 2012 Google ya gyara tsarinsa don rage wa shafuka marasa inganci wannan fifikon. Abin da ya rage wa irin wannan suna shi ne kama da na 'yan damfara.

In ka tarar wani ya riga ka ɗaukar sunan, kada ka gurɓata rubutunsa don dole sai shi. Ƙara gajeruwar kalma mai ma'ana. Facebook da thefacebook.com ya fara a 2004, sai a 2005 ya sayi facebook.com a kan dala 200,000. Tesla ya zauna a teslamotors.com har 2016.

Kafin ka biya ko sisi, bincike biyu ya zama dole. Na farko, alamar kasuwanci. Tun 1999 hukumar ICANN, mai kula da sunayen shafukan intanet, take da tsarin UDRP, wanda ke ba mai alama damar kai ƙara, a karɓe sunan a ba shi, in ya nuna sunan ya yi kama da alamarsa, ba ka da haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ka yi rajista kake amfani da shi. Raɓa sunanka da na babban kamfani don ka samu masu ɓatan hanya gini ne a filin wani. Na biyu, tarihin sunan. Shiga Wayback Machine a archive.org ka ga abin da aka taɓa ɗorawa a kai. In gidan caca ne ko matattarar saƙonnin banza, baƙin jinin yana iya bin ka, imel ɗinka ya riƙa faɗawa kwandon shara.

Sai wutsiyar sunan. Har yanzu .com ce yatsa ke zuwa da kansa, tun da aka yi wa sunan .com na farko, symbolics.com, rajista ranar 15 ga Maris 1985. Bayan 2012 an buɗe sababbin wutsiyoyi sama da 1,000, wasu masu kyau ne, amma araha ba ta ado: ana karya farashin shekarar farko, a ninka shi wajen sabuntawa. Kuɗin sabuntawa za ka duba, shi za ka yi ta biya. Wutsiya mai haruffa biyu kuwa ta ƙasa ce ko yanki, ko da ba ta yi kama ba: .tv ta Tuvalu ce, .co ta Kolombiya, .ai ta Anguilla, kuma masu ita ke kafa sharaɗi. Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, kamfanoninta da ba su da mazauni a cikin Tarayyar sun rasa damar riƙe .eu daga 1 ga Janairun 2021.

Duk waɗannan ana iya gyara su. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na mallaka. Na taɓa zama da wata mai kamfani da ta shekara shida tana buga adireshinta a kati da kwali da jikin mota. Ta saɓa da wanda ya gina mata shafin, muka buɗe bayanan rajista, sai ga sunansa da imel ɗinsa, nata babu ko ɗaya. Ta daɗe tana kallon allon kwamfutar, sannan ta ce, "To ni duk shekarun nan me nake biya?" A takarda, sunan nasa ne. Sai da aka yi makonni ana lallashi kafin ya sake shi. Don Allah, ka buɗe asusu a kamfanin rajista da kanka, da sunan kasuwancinka, kalmar sirri a hannunka, ka kunna tantancewa mai mataki biyu da makullin hana mayar da sunan wani kamfanin rajista. Mai gina shafi izinin aiki kawai yake bukata.

Ko da sunanka ne a rajistar, haya kake yi, daga shekara 1 zuwa 10. In wa'adi ya cika ba ka biya ba, shafi da imel suna tsayawa tare. A .com kamfanin rajista na iya ɗaga maka ƙafa har zuwa kwana 45, sannan kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sai kwana 5, daga nan kowa na iya ɗauka, in ma ba a yi gwanjonsa tun kafin nan ba. Wannan ba ya barin manya: a Disamban 1999 Microsoft ya manta da sabunta passport.com, wanda ta nan ake shiga imel na Hotmail, masu amfani da shi suka kasa shiga, har wani masanin kwamfuta da ba ma'aikacinsu ba ya biya dala 35 daga aljihunsa.

Ka biya na shekaru da yawa a gaba, ka kunna sabuntawa ta atomatik, ka riƙa duba ko katin bankin da ka ɗora bai mutu ba. Saƙon tunatarwa yana zuwa kamar wata ɗaya da kuma mako ɗaya kafin wa'adi, saboda haka imel ɗin da ka ba kamfanin rajista ya zama wanda kake buɗewa kullum, kuma kada ya zama na sunan shafin kansa. In sunan ya tsaya, wannan imel ɗin ma ya tsaya, kuma can za a tura maka hanyar dawo da asusunka.