Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora harkar kaya a kan fasahar AI

Duk kamfanin da ya sayi manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, don ta riƙa hasashen ciniki da tsara odar kaya, alƙawari ɗaya ake masa: sito ba zai cika da kayan da ba sa tafiya ba, kuma mai saye ba zai zo ya tarar da kanta wayam ba. Fasahar tana iya cika wannan alƙawari. Abin da ke gajiyar da mutum shi ne ganin sababbin shiga suna faɗawa rami ɗaya, wannan na bin wancan, daga baya a ɗora wa manhaja laifi.

Kuskure mafi tsada shi ne ɗaukar abin da aka sayar a matsayin abin da mutane suka nema. A ce wani kaya yana fita kwali 40 a rana. Ya ƙare ranar 18 ga wata, sabo bai iso ba sai ranar 28. Kwana goma littafin ciniki yana rubuta sifili, alhali masu saye suna zuwa suna komawa hannu rabbana. A ƙarshen wata an sayar da kwali 800, inda da akwai kayan da an sayar da 1,200. Na'ura, wato manhajar, ba ta ga waɗanda suka koma ba. Za ta raba 800 gida 30, ta yanke cewa kasuwar ta faɗi zuwa kusan 27 a rana, ta rage oda. Wata mai zuwa kayan ya ƙare da wuri fiye da da, sifili ya ƙaru, ta sake ragewa. Haka kayan da ya fi kawo riba yake mutuwa a hannun mai shi, yana kallon allon kwamfuta yana cewa kasuwa ce ta yi sanyi.

Maganin ba shi da wuya, lalaci ne kawai ke hana yin sa. Kowane kaya, a kowace rana, ya kasance yana da alama ɗaya: akwai ko babu. Ranar da babu, kada a bar sifili. Ni na fi son a cike gurbin da matsakaicin cinikin irin wannan ranar a makonni huɗu da suka wuce, Litinin da Litinin, Asabar da Asabar, sannan a yi masa shaida cewa ƙiyasi ne. Wasu suna share ranar gaba ɗaya, wannan ma ya fi barin sifili. A kuma sa masu karɓar oda su riƙa rubuta duk abin da aka nema aka rasa. Haka za a yi wa ranakun rangwame, da babbar oda guda da ba za ta maimaitu ba, da cinikin shekarar 2020 lokacin korona: a yi musu alama, kada na'ura ta ɗauka haka duniya take kullum.

Ƙanin wannan kuskure shi ne gurɓataccen bayanin kaya. Abu ɗaya da lamba biyu, an shigar da kwali a gurbin guda, an rubuta tsawo da inci a inda manhaja ke jiran santimita. Kamfanin Target na Amurka ya buɗe shaguna a Kanada a 2013, a watan Janairun 2015 ya sanar da rufe duka 133. Cikin manyan abubuwan da suka kayar da shi har da irin waɗannan bayanai: rumbunan ajiya maƙil da kaya, kantocin shaguna babu komai. Kafin a kunna kowace manhaja, a ɗauki kaya 50 da suka fi fita, a je sito da ma'auni da sikeli, a gwada, a ƙirga da hannu, a kwatanta da abin da ke kwamfuta. Idan biyar daga ciki ba su dace ba, lokacin AI bai yi ba tukuna.

Kuskure na biyu da ke cin rai shi ne kowa ya kama tasa na'urar ya ɓoye wa abokin hulɗa. Mai shago yana da tasa, ɗan sari yana da tasa, masana'anta ma haka, kuma kowace tana koyo ne daga odar wanda ke ƙasa da ita, ba daga abin da mai saye na ƙarshe ya ɗauka ba. A ce ciniki ya ɗan motsa daga 100 zuwa 110. Mai shago ya yi odar 120 don ko-ta-kwana. Na'urar ɗan sari ta ga tashi, ta nemi 140. Masana'anta ta ga 140, ta ƙara ma'aikata, ta sayo kayan haɗi na 170. Bayan wata biyu kowa ya cika, oda ta tsaya cak, kuɗi sun kwanta a sito. Wannan cuta ta girmi AI nesa ba kusa ba. Jay Forrester na jami'ar MIT ya bayyana ta tun 1961, kuma kamfanin Procter & Gamble ya gan ta ƙarara a odar ƙunzugun jarirai na Pampers, kayan da amfani da shi ba ya hawa da sauka haka. Abin da AI ta ƙara shi ne sauri. Abin da magatakarda zai yi mako yana shakka, na'ura ta aika shi kafin gari ya waye.

Haba jama'a, wane sirri ne a cikin yawan kwalin da ya fita jiya? Mutum zai kashe maƙudan kuɗi a kan manhaja, amma ya ƙi gaya wa mai kawo masa kaya abin da ya rage a sitonsa, sannan ya zo yana faɗa cewa an makara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Babu wanda ya ce a buɗe littafin riba ko farashin sari. Abu uku ne kawai ya kamata su wuce tsakanin abokan hulɗa kowane mako: abin da aka sayar wa mai saye na ƙarshe, abin da ke sito, da jadawalin rangwamen makonni takwas masu zuwa. A rubuta yarjejeniya kan wanda zai gani da abin da ba za a yi da bayanan ba. A kuma amince da hasashe ɗaya da ɓangarorin biyu za su yi aiki da shi. Walmart ya fara nuna wa masu kawo masa kaya cinikin shagunansa ta tsarin Retail Link tun shekarun 1990, kuma hakan bai karya shi ba.

Sai batun kwanakin isowar kaya. Da yawa suna shigar da lambar da ke cikin kwangila su manta da ita. Mai sayar da kwali 40 a rana, idan kaya na ɗaukar kwana 10, dole ya yi oda tun yana da 400 da ɗan ƙari. Idan kwanakin suka koma 24, lambar ta zama 960, kuma na'urar da ba a sabunta mata ba za ta ci gaba da jiran 400. A Maris 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suez kwana shida. Daga ƙarshen 2023 hare-hare a Bahar Maliya suka sa jiragen kwantena zagayawa ta kudancin Afirka, tafiyar Asiya zuwa Turai ta ƙaru da kwana goma ko fiye. Babu tarihin ciniki da zai hango irin wannan. Al'adata ita ce a ciyar da na'ura ainihin ranar oda da ranar sauke kaya na isowa ashirin na baya, a duba mafi jinkiri a cikinsu, ba matsakaici kaɗai ba.

Kada a sakar wa manhaja ragamar oda tun ranar farko. A 2001 Nike ya bayyana cewa sabon tsarinsa na tsara buƙata ya jawo an yi wasu takalma fiye da kima, wasu kuma suka yi ƙaranci, cinikin da ya kai kusan dala miliyan 100 ya salwanta. A bar na'ura ta yi wata uku tana hasashe a gefe, ana kwatanta ta da lissafi mafi sauƙi, wato cewa wannan makon zai yi kamar irinsa na bara. Idan ba ta doke wannan ba, ba ta cancanci kuɗinta ba. Bayan an sake ta ma, duk odar da ta zarce matsakaicin wata uku da kashi 30 cikin ɗari ta tsaya sai mutum ya sa hannu.

Akasin haka ma kuskure ne: manaja ya riƙa canza lambar na'ura don ransa bai kwanta ba. Ya canza, amma ya rubuta dalili, a ƙarshen wata a duba wa ya fi kusa da gaskiya.

Sabon kaya ba shi da tarihi, a aro masa na wani mai kama da shi har ya yi makonni shida a kasuwa. Kayan da ke fita sau biyu a wata ba ya buƙatar AI, a ɗora masa mafi ƙarancin adadin da za a ajiye. Idan manhaja ce ke karanta rasit da takardun jirgi, mutum ya duba adadi, da ma'auni, da irin kuɗin da aka rubuta kafin a biya, domin tana iya kawo lambar da ba ta cikin takardar. Kwangila da jerin farashi kuma kada a liƙa su cikin manhajojin hira na kyauta. Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irinsu a 2023 bayan wasu sun saka bayanan sirri na kamfanin a ChatGPT. Wanda zai yi irin wannan aiki ya nemi asusun kamfani a manhajar, wanda aka rubuta a yarjejeniyarsa cewa ba za a horar da na'ura da bayanansa ba.