Babi na Bakwai: Yadda Ake Tafiyar da Taron Ƙungiyar Ɗalibai

A Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman Katsina, kai har a ajinmu na yaƙi da jahilci, ɗalibai kan kafa ƙungiya. Wahalar tana wajen zaman taro. Sai a zauna bayan La'asar, a yi ta cacar baki har a kira Magariba, a watse, kowa da abin da yake tsammanin an yanke. Ƙa'idojin taro maganin wannan ne, kuma daga majalisa aka aro su. Wani injiniyan sojan Amurka, Henry Martyn Robert, ya tattara su cikin littafi a 1876 domin amfanin ƙungiyoyi, har yau kuma ana aiki da su.

Kafin a buɗe taro, sakatare zai ƙirga mahalarta. Kowace ƙungiya ta rubuta a tsarin mulkinta mutum nawa ne za su hallara kafin zama ya halatta. Sashe na 96 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce majalisar dokokin jiha ba ta zama sai da kashi ɗaya bisa uku na mambobinta. Majalisar Katsina tana da kujeru 34, ke nan sai mutum 12 sun zauna. Ku ma ku zaɓi naku adadin. Idan bai cika ba, a yi hira a tashi, amma kada a taɓa kuɗin ƙungiya, kada a yanke komai.

Bayan addu'a, sakatare ya karanta rahoton zaman da ya gabata, a gyara kuskure in akwai, a amince da shi. Sai ma'aji ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Daga nan a ƙarasa tsofaffin batutuwa, sannan a shiga sababbi. Wannan jerin shi ake kira ajanda, kuma ya kamata ta isa ga mambobi tun kafin ranar.

Kudiri shi ne zuciyar taro, don haka mu tsaya a kansa. Mai magana ya ɗaga hannu, ya jira shugaba ya ba shi dama, ya miƙe ya ce: "Ranka ya daɗe Shugaba, ina gabatar da kudirin a fitar da naira 40,000 daga asusu don hayar motar da za ta kai mu Rijiyar Kusugu a Daura ranar Asabar." Ku lura, ya faɗi kuɗi, ya faɗi wuri, ya faɗi rana. "Ya kamata dai mu riƙa fita yawon buɗe ido" ba kudiri ba ne, fata ne, ba a kaɗa masa ƙuri'a.

Sai wani ya ce: "Na goyi baya." Goyon bayan nan ba ya nufin lallai ya yarda da tafiyar, yana nufin maganar ta cancanci a saurare ta. In ba wanda ya goyi baya, kudirin ya mutu nan take, a wuce gaba. In an samu, shugaba ya maimaita kudirin kalma da kalma, ya buɗe muhawara. Wanda ya kawo shi ne ke fara magana. Ba mai yin magana ta biyu alhali akwai wanda bai yi ta farko ba, kuma kowa shugaba yake fuskanta, ko da da abokinsa yake jayayya. Shugaba nagari kan ba mai goyon baya dama, sannan ya ba mai suka. Ya kuma waiwayi sashen mata, domin sau da yawa hannunsu na sama ba a gani ba.

Taura biyu ba ta taunuwa. Muddin maganar mota na gaban taro, ba a kawo ta kuɗin wata. Abin da aka yarda da shi shi ne gyara. Wata ta ce: "Allah ya taimaki Shugaba, ina neman a mayar da 40,000 ta zama 30,000." In an goyi bayanta, gyaran ake fara kaɗa wa ƙuri'a, sannan a koma kan kudirin. Nan ne taruka da yawa ke rikicewa, a amince da gyara a tashi, a manta ba a yanke ainihin maganar ba.

Wajen ƙuri'a, a ganina ɗaga hannu ya fi "e" da "a'a" na baki, saboda mai babbar murya kan rinjayi kunne. Rinjaye shi ne fiye da rabin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a. In mutum 30 ke zaune, 14 sun ce e, 11 sun ce a'a, 5 sun yi shiru, kudiri ya wuce. Tsayar da muhawara tun mutane na son magana kuwa sai da kashi biyu bisa uku, tunda bakin wasu za a rufe. Shugaba ya riƙe ƙuri'arsa. Sashe na 98 ya ce mai jagorantar majalisar jiha ba ya kaɗa ƙuri'a sai don raba kunnen doki.

Idan aka saɓa ƙa'ida, kowane mamba na iya miƙewa ba tare da jiran izini ba ya ce: "Shugaba, an bar tsari." Shugaba ya saurara ya yanke hukunci. Tashi daga taro ma da kudiri ake yi, a goyi baya, a amince. Sakatare kuwa abin da aka yanke yake rubutawa, da yawan ƙuri'u, da sunan wanda aka ɗora wa aiki. Wa ya harzuƙa, wa ya yi gatse, duk ba sa shiga littafi.

Aikin aji: ku zaɓi shugaba da sakatare a cikinku. Mutum ɗaya ya kawo kudirin sayen tabarmi da alli, wata ta nemi gyara a kan kuɗin, ku kaɗa ƙuri'a sau biyu. Kowa ya rubuta sakamakon a littafinsa cikin layi uku, ya kawo wa malam a darasi na gaba.