Yadda za a kafa rumbun haɗin gwiwa a ƙauye

Duk wanda ya san ƙauyukan ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Zango da Baure, ya san yadda shekarar manomi take tafiya. Da kaka, a watannin Oktoba da Nuwamba, gero da wake suna cika kasuwa, farashi ya faɗi, manomi kuma ya sayar domin bashin taki da hidimar biki suna jiransa. Idan damina ta kankama, wajen Yuli da Agusta, sai mutumin nan ya koma kasuwar Mai'adua yana sayen tiyar geron da ya noma da hannunsa a kan kuɗin da ya fi wanda aka ba shi nesa ba kusa ba. Wannan ratar da ke tsakanin farashin kaka da na damina ita ce take fitar da arzikin ƙauye zuwa birni, kuma rumbun haɗin gwiwa hanya ce ta riƙe ta a gida.

A fara da mutane kafin a yi maganar gini. Magidanta 15 zuwa 25 waɗanda suka san halin juna sun isa, domin idan taro ya yi yawa amana takan yi rauni. A sanar da mai unguwa da dagaci, a kuma nemi liman ya halarci zaman farko. A zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, a sa wa ɗakin ajiya kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mutum daban, yadda ba za a buɗe ba sai ukun sun hallara. Ina ganin kuskure ne babba a bar mata a waje, domin su ne suke sanin ranar da hatsin gida zai ƙare, kuma sun daɗe suna riƙe adashi ba tare da an ji kansu ba.

Kowane ɗan ƙungiya ya kawo rabonsa da hatsi, ba da kuɗi ba, a auna da tiya guda ɗaya da aka amince da ita, a rubuta a littafi a gaban shaidu.

Inda aikin yake lalacewa shi ne wajen ajiya, don haka a nan ya kamata a tsananta. Kada a karɓi hatsin da bai bushe sarai ba. Gwajin yana da sauƙi: a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran danshi, sai a mayar da hatsin shanya. Wake shi ne mai wuyar sha'ani saboda ƙwari, kuma maganinsa buhun PICS mai hawa uku, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Leda biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowanne daban bayan an matse iskar, sai ƙwarin su mutu saboda rashin numfashi ba tare da an zuba magani ko kaɗan ba. A duba ledar da kyau kafin a zuba, domin huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Wannan ya fi ƙwayar maganin nan mai fitar da iska mai guba, wadda bai halatta a sa ta a ɗakin da mutane suke kwana ba. A jera buhunan a kan katako, nesa da bango, a toshe duk wata kafar ɓera.

Tun ranar zubi za a yanke shawarar yadda za a fitar, ba sai yunwa ta zo ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙe hatsin har lokacin shuka, a sayar wa 'yan ƙungiya da maƙwabta a farashin da ya ɗan gaza na kasuwa, ribar kuma ta koma sayen sabon hatsi da kaka mai zuwa. Akwai wurin da ake zamewa: idan aka ba mutum rancen tiya goma da sharaɗin ya biya sha biyu, an shiga riba, kuma addini ya hana. Ko dai a sayar masa da kuɗi, ko ya mayar da daidai abin da ya karɓa. Haka nan kowa ya fitar da zakkar amfanin gonarsa kafin ya kawo rabonsa, wato kashi ɗaya cikin goma ga noman damina idan ya kai nisabi.

Bayan an yi shekara guda lafiya, sai a nemi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai ta hannun ofishin ƙaramar hukuma, a buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu, a kuma nemi malaman gona na KTARDA, wato hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Katsina, su riƙa zuwa duba ajiyar. A wuraren da tsaro bai inganta ba, ya fi kyau a raba hatsin gida biyu ko uku maimakon a tara shi a ɗaki ɗaya da kowa ya sani.