Yadda ake haɗa bayanai iri-iri a lissafin rigireshon: misalin gubar dalma a Zamfara

A shekarar 2010 aka gano cewa ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje tana kashe yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda sama da 400 suka rasu. Ma'aunin da likitoci ke dogaro da shi shi ne yawan dalma a jinin yaro, wanda ake ƙiyastawa da maikrogiram a kowane desilita. Mai son sanin abin da ke ɗaga wannan ma'auni yana buƙatar rigireshon, wato lissafin da ke fitar da tasirin kowane dalili bayan an ware na sauran.

Da farko a tantance nau'in kowane bayani kafin a buɗe manhajar lissafi irin su R ko Stata ko SPSS. Watannin yaro da haihuwa da yawan dalmar ƙasar tsakar gida adadi ne, jinsi da sunan ƙauye rukuni ne, zurfin karatun uwa kuwa rukuni ne mai hawa-hawa.

A wajen rukuni aka fi tafka kuskure. Idan aka ba Dareta 1, Abare 2, Yargalma 3, Bagega 4, aka shigar da su a haka, kwamfuta za ta ɗauke su tamkar awo mai tazara iri ɗaya, alhali laƙabi ne kawai. Abin yi shi ne a zaɓi ƙauye ɗaya ya zama abin kwatance, sauran ukun kuma kowanne a buɗe masa layi a jadawalin bayanai, 1 ga yaron ƙauyen, 0 ga wanda ba na can ba, ta yadda sakamakonsa zai nuna bambancinsa da ƙauyen da aka zaɓa.

Daga nan a dubi ma'aunin jinin kansa. Yakan karkata, domin yara kaɗan na da adadi mai tsananin yawa, saboda haka ana mayar da shi logarizim, wato sauyin da ke matse manyan adadi, kuma a nan tasirin kowane dalili ninki ne ba ƙari ba. Akwai wata matsalar: na'urar auna dalmar jini ta LeadCare II ba ta karanta abin da ya haura maikrogiram 65, kuma yara da dama a Zamfara sun wuce nan. Rubuta musu 65 ɓoye gaskiya ne. Ko dai a sake auna jinin a ɗakin gwaji, ko a yi amfani da rigireshon na Tobit, wanda aka tsara don awon da ya tsaya a wata iyaka.

Kada a tsaga watannin yaro gida biyu don neman sauƙi. A bar su adadi, a kuma ba layin da ke nuna alaƙarsu da dalmar jini damar lanƙwasa, tunda masu rarrafe da sa hannu a baki sun fi haɗiyar ƙura.

Idan tambayar ita ce ko yaro ya kai 45, matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma, to rigireshon na lojistik, mai amsar i ko a'a, ya dace. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a samu aƙalla yara goma da suka kai matakin a kan kowane layin bayani da aka shigar, kuma ƙauyukan nan huɗu sun riga sun cinye layi uku.

A ƙarshe, yaran gida ɗaya ƙasa ɗaya suke wasa a kai, don haka ba a ƙirga su kamar baƙin juna. Sai a sa gida a matsayin mataki na biyu a lissafin, wato a tara yara ƙarƙashin gidajensu, in ba haka ba tazarar tabbaci, wato iyakokin da ake sa ran ainihin tasirin yana tsakaninsu, za ta fito a matse fiye da yadda bayanan suka bayar.